Na Kira Abokin Mahaifina Ɓarawo Saboda Kafireta

Lokacin da aka fara shari'a a Zamfara ni direban haya ne, ina jan wata tsohuwar Fijo tsakanin Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, ga ƙuruciya ga zafin kai. Bakanikena dattijo ne, abokin marigayi mahaifina, Baba nake ce masa. Da motar ta fara shaƙewa, ya kwance kafireta, wato mahaɗar fetur da iska, ya ce sai an sake kayan cikinta, ya kwatanta mini shagon da zan saya. Na ga tsada, na sayo na hannu a bakin tasha. Ya jujjuya su ya tambaye ni inda na samo, na ce inda ya aike ni. Ya haɗa.

Tun ranar motar ta koma zuƙar mai kamar rairayi. Baƙin hayaƙi ta salansa, warin fetur har fasinja na toshe hanci, fulogi kullum baƙi ƙirin. Sau uku ina komawa. Ya wanke fulogi, ya duba cok, ya rage mai ya ƙara iska, duk a banza. Ya ce in bar masa ita ya sake buɗewa, na ƙi don kar in rasa lodi. 'Yan tasha kuwa suka yi ta zuga ni, wai tsohon ya musanya mini kaya ne.

Ranar da motar ta mutu mini a hanyar Zurmi da buhunan geron mutane, aka jawo ni har garejinsa. A gaban jama'a na kira shi ɓarawo, na rantse sai mun je gaban alƙali. A lokacin kowa ya san abin da kalmar nan ke iya jawo wa hannun mutum. Baba ya buɗe kafiretar, ya ciro ɗan tulun da ke tsayar da mai idan ta cika, ya girgiza shi a kunnena. Fetur na ji yana motsi a ciki. Ashe tulun ne ya huje ya nutse, shi ya sa mai ke ta ambaliya. A hankali ya sake tambayata inda na sayo shi. Na faɗi gaskiya kaina a ƙasa, masu zugar suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, zargin ya zaga gari, gaskiyar ba ta wuce ƙofar gareji ba. Masu kawo masa aiki suka ragu. Na ɗauki kawuna muka je ban haƙuri, ya ce ya yafe don darajar mahaifina, amma in nemi wani bakaniken. Har ya rasu bai sake taɓa motata ba.

Haushin 'yan tasha nake ji, amma na kaina ya fi, don ni na yi ƙaryar farko. 'Yan'uwa direbobi, idan mota ta rikice bayan gyara, ku fara tuna abin da kuka ɓoye wa mai gyaran. Ita motar a wuni ɗaya aka gyara ta. Sunan Baba kuwa, ni da na ɓata shi na kasa mayar masa.