Malam Garuba, Mai Haruffan da Kowace Waya Ta Sani

A gafarce ni, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, kuma akwai manyan da suka fi ni sanin mutumin nan. Sai dai Malam Garuba ya ajiye aiki saboda idanunsa sun gaji, na jira wani ya ɗauki alƙalami, ban ga kowa ba.

Shekara goma sha huɗu, da zarar ya sha kokonsa da safe sai ya buɗe ɗan shagonsa da ke cikin Zongo, ya kunna kwamfuta, ya zauna kan shafin intanet na ƙungiyar unguwarmu. A nan ake sa sanarwar suna da rasuwa da ranar rigakafi. 'Yan'uwanmu na unguwannin Buokrom da Sofoline, har na Dosso can Nijar, nan suke leƙawa su san wanda ya zo duniya da wanda ya bar ta.

A da, shi ke rubuta allunan shaguna. Haruffansa masu jela har yau suna jikin wasu tsofaffin motocin haya, turoturo. Amma a shafin bai taɓa sa ado ba. Haruffan da waya ke zuwa da su tun daga kamfani, su kaɗai yake zaɓa. Bayan la'asar yakan je bencin dattawa da tsofaffin wayoyi uku a aljihu, ya ce, "Baba, karanta mini." In tsoho ya tsuke ido, sai ya koma ya gyara.

Wata shekara Abdul-Wadud, ɗan shugaban ƙungiya, ya dawo daga Accra da sabon shafi mai siraran haruffa, irin waɗanda sai waya ta sauko da su kafin su bayyana. Aka kira taro don a karɓe aikin daga hannun Malam Garuba.

"Wofa, kawuna, shafinka fa kamar katin asibiti," in ji Abdul-Wadud. Aka kwashe da dariya.

"Haka ne, ɗana," in ji Malam Garuba. "Mu gwada dai."

Ya roƙi Alhaji Munkaila, dattijon da ya fi kowa shekaru a wurin, ya buɗe sabon shafin a wayarsa mai fasasshen gilashi. Fuskar wayar ta yi fari fat. Aka jira, aka jira.

"Yaro, ko wayar ce ta cika?" in ji Alhaji. Da haruffan suka fito daga baya, sai ya nisanta wayar, ya kusanto da ita. "Kai, wannan ai zare ne!"

Aka buɗe tsohon shafin. Nan take rubutu ya fito, baƙi ƙirin. Alhaji ya yi ƙasa da yatsa, ya tsaya kan sanarwar rasuwar matarsa, Hajiya Safia, ya karanta ta a fili har ƙarshe. Sannan ya ɗago kai ya ce:

"Wannan ƙanenta ya gani a Dosso, ya kamo mota ya samu addu'ar uku. Da a wancan sabon shafin ne, da har yanzu yana can yana jira."

Babu wanda ya ƙara tayar da maganar karɓe aiki.

Malam, kai ne ka iya ado ka ajiye shi don tsofaffinmu su gani. Kai ne ba ka taɓa sa sunanka a ƙasan shafin ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idanun nan haske. Ku kuma matasanmu masu gina shafuka, kafin ku yaba aikinku, ku kai wa wanda wayarsa ta fi ta kowa tsufa.

Yau ake walimar sallamarsa a ƙofar shagon. Zan miƙa takardar nan ga mai gabatar da taro, in sulale ta lungun masu ɗinki tun ana rabon shayi.