Jakar Kawu Illa a Butik ɗin Tsibiri

Duk wanda ya san Kawu Illa, badukun kasuwar Tawa, ya san ba ya fara gaisuwa da fuska. Ƙafarka zai duba. In takalmin fata ne, ka samu tabarma da shayi. In na roba ne, sai ya tambaye ka lafiyar gida da muryar mai ta'aziyya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shekara talatin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ana ce mini Mushe kamar kowane malamin boko, amma ranar da na sa takalmin kanti cewa ya yi ashe karatun bai sauko ƙasa ba.

Wata Baturiya ta taɓa zaɓar jaka a rumfarsa, ta ce za ta rataye ta a bango don ado. Ya karɓe abarsa. Akuya, in ji shi, ba ta mutu don ta yi gadin bango ba.

Babban labarin dai na tsibiri ne. Ɗansa Yahaya ya tafi bida, wato neman kuɗi, har ya tsallaka teku, ya samu aiki a butik, shagon tsaraba na wata Madam, inda 'yan yawon buɗe ido ke sayen wuri, hulunan kaba da riguna masu zanen kifi. Jakunkunan Kawu ma can ake kai su. Da Yahaya ya aiko masa da tikitin ziyara, aka haɗa shi da ni a matsayin tafinta.

Kawu ya zaga butik ɗin yana shinshina kaya kamar likitan dabbobi, har ya kai ga ɗinkinsa, ya sauko da jaka guda daga kan ƙusa. Ga 'yar takarda a rataye da Faransanci: aikin hannun mutanen tsibiri. Ya ce in karanta. Na dubi Yahaya, wanda takardun zamansa ke hannun Madam, na ce an rubuta fata ce mai kyau.

"Mushe, ban yi lakwal ba, amma na san sunan Tawa, ina ganin shi ga allon tasha. Babu shi nan."

Dole na faɗi gaskiya. Ya sa aka kira Madam. Ta bayyana cewa baƙo abin tsibiri yake so ya kai gida. Kawu ya ce kwanansa uku a garin bai ga jar akuya ko bagaruwar jima ba. Ya ce in ta nuna masa ɗaya, shi kuma zai cinye jakar ko ruwa ba zai sha ba. Na fassara, na rage yaji. Duk da haka Madam ta ce takarda ba za ta sauka ba. In bai so, ya kwashe kayansa, ya haɗa da ɗansa.

Yahaya na da mata da 'ya'ya uku a Barmou, dukansu da aikin nan suke ci. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya maida jakar kan ƙusa da hannunsa.

"Tahi ga aikinka, ɗana."

A zatona Kawu ya janye magana, abin da ba a taɓa ji ba. Sai da muka dawo ya iso gidana da basilla da guntun fata, ya ce in koya masa rubuta sunan garinmu. Dattijo mai shekara saba'in! Mako biyu muna fama, yana zagin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan duk jakar da ya ɗinka, can ciki ƙarƙashin marfi, sai ya zana sunan da bakin basilla. Madam ta riƙe takardarta, Yahaya ya riƙe aikinsa.

"Takarda ruwa na cinye ta, Mushe. Hwata sai wuta."

Kalmar nan guda ita ce duk bokon da ya yi a duniya, kuma cikin ɗalibaina babu wanda nake alfahari da shi kamarsa. Allah ya jiƙan Kawu Illa, ya yalwata masa makwanci, ya ba shi littafinsa a hannun dama.