Muryar da Ta Ce A Yi Shuka

Shekarun baya, lokacin ina sabon ma'aikaci a Ajingi, ina komawa gida Toranke duk ƙarshen mako, akwai wata 'yar tashar rediyo da ta fi kowace kamuwa a yankinmu har zuwa Gaya. Wani malamin gona ne ya buɗe ta bayan ya yi ritaya. A zamaninsa ba abin da ake yi sai shirin manoma, cigiyar awaki, sanarwar ɗaurin aure da gaishe-gaishe. Da tsufa ya cim masa ya sayar wa wani ɗan siyasa, aka wayi gari daga safe har yamma waƙar yabo ce da zagin 'yan adawa. Zaɓe ya zo, mutumin ya sha ƙasa, tashar ta yi ɗif. Can sai ga ta ta dawo a hannun wani ɗan kasuwa mai sayar da taki da iri da maganin feshi.

Duk wannan sauyin hannu, abu ɗaya ne ya dami mahaifina: shirin manoma na yammacin Juma'a. Akwai wani dattijo mai gabatar da shi tun zamanin malamin gona, wanda in ya ce ruwa ya zauna, mahaifina ba ya sake ɗaga kai ya dubi sama. Ɗan siyasa ya soke shirin, ɗan kasuwa ya dawo da shi, har da muryar dattijon. Ranar da mahaifina ya sake jin sallamarsa, ka ce ɗan'uwansa ne ya dawo daga Hajji.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Ko mai shayi ne ya cika mini madara, sai na tambayi kaina me yake nema. Na lura an daina ɗaukar waya a shirin. Na lura dattijon ba ya faɗin kwanan wata, kuma da ya rufe baki sai tallan irin mai tashar ya biyo. Na tambayi abokina da ke Gaya, ya ce rabonsa da ganin mutumin a kasuwa har ya manta. Wasu na cewa ya koma Kano, wasu na cewa yana kwance. Nan na yanke hukunci a raina cewa an saye dattijon ne, yana faɗin abin da aka sa shi.

"Baba, mutumin nan fa kamar ba da bakinsa yake magana ba," na ce.

"Da bakin wa yake yi, naka? Kai tunda ka fara ɗaukar albashi kowa ya zama ɓarawo."

Mahaifiyata tana gefe tana tankaɗe. Ita ma ba ta wasa da shirin, musamman ƙarshensa inda ake gaida masu sauraro.

A shekarar buhu ɗaya tak na irin gyaɗa muke da shi, wanda aka hana kowa taɓawa tun kaka. In ya lalace a ƙasa, babu wani. Sai aka yi ruwan farko ranar wata Alhamis, mai ƙarfi kuwa. Washegari dattijon ya ce, "Manoma, ruwa ya zauna, ƙasa ta sha. Duk mai iri ya fitar." Shirin bai ƙare ba mahaifina ya jawo buhun tsakar gida, ya ɗauko sungumi ya jingine a bakin zaure. Na ce mai tashar so yake shuka ta ƙone a koma shagonsa sayen iri. Na yi ta zuba kamar lauya, har da buga ƙafa. Mahaifina ko kallona bai yi ba.

Rediyon ya shiga gaishe-gaishe. Mahaifiyata ta saurara har aka gama, sannan ta ajiye rariyar da ke hannunta.

"Malam, ka mayar da buhun nan ɗaki. Wannan shirin ba na bana ba ne."

"Ke ma ya shafa miki?"

"Ka ji wanda ya yi wa barka da haihuwa yanzu, mutumin Kademi? Ƙanena ne."

Kawun nawa ya rasu tun zamanin ɗan siyasa. Ashe in zai aika katin gaisuwa ba ya sa sunansa na yanka, sai wani laƙabi da kakarsu ta raɗa masa yana ƙarami, wanda daga shi sai ita suka riƙe. Jaririyar da ake yi wa barkar kuwa har ta shiga firamare. Tsoffin kaset ɗin malamin gona aka samu a tashar, ake sa su bi da bi, na damina da damina, na rani da rani.

Mahaifina ya juyo gare ta. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun Juma'ar da aka dawo da shirin."

"Kika yi shiru?"

Ta gyara mayafinta. "Ko'ina aka ambace shi sai an ce marigayi. Nan ne kaɗai ake gaishe shi a ce Allah ya ƙara lafiya. Da ba don gyaɗar nan ba, wallahi ba zan faɗa ba."

Ni na ɗauki buhun na mayar. Ruwa ya ɗauke ƙafa ya daɗe bai dawo ba, waɗanda suka bi rediyo suka sake shuka, irinmu ya tsira. Daga baya tashar ta sake canja hannu ta koma ta wa'azi da karatu, yau kuma in ka kamo ta sharhin ƙwallo za ka ji. Inda kaset ɗin suka shiga, Allah masani.

Na canki cewa akwai lauje cikin naɗi a maganar, amma ban taɓa jin daɗin yin nasarar ba. Har yau in na tuna, tausayi ne ke kama ni. Ina ta baza ido ina neman macuci a Gaya, ban ko kalli wadda ke zaune kusa da ni ba.

Na ɗauka mahaifina zai daina kunna shirin don haushi. Juma'ar da ta biyo, lokaci na yi ya kunna rediyon, ya kai shi gaban mahaifiyata ya ajiye, ya ƙara masa murya. Shi kuma ya fita ƙofar gida, ya tsaya yana duban gabas.