Hoton da ya ce garkata ba ruwa

An hana ni rijiya saboda hoto, kuma har yau ban yafe ba.

Garkata tana bakin gulbi, kusa da Moriki. Ita mijina ya bar mini, da albasarta da tattasanta na ciyar da 'ya'ya biyar. Da ƙwarya nake ban ruwa daga ramin da na tona, har bayana ya ƙage. Shekarar da gwamnati ta ce za ta haƙa wa manoman rani ƙananan rijiyoyi ta haɗa musu da inji, muna jihar Sakkwato lokacin, na riga kowa rubuta suna. Da hannuna na rubuta, don shekarata biyu ke nan a ajin yaƙi da jahilci, da furfurata.

Malamin gona ya zo daga Ƙaura da wata faffaɗar takarda, ya shimfiɗa ta a ƙofar gidan mai unguwa. Ya ce tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko daga sama, yana ganin laimar ƙasa. Inda shuɗi, ruwa na kusa. Inda ja, babu. Ya ɗora yatsa kan garkata. Ja.

Na ce, "Malam, ka taɓa taka wurin?"

"Inna, ba sai na taka ba. Wannan abin ba ya kuskure."

"Kamu biyu nika tonawa in iske ruwa. Shi wanga tauraro da mi ya tona?"

Maza suka yi dariya. Na duƙa kan takardar. Turanci ban iya ba, amma lamba na iya, kuma can ƙasa ga shekarar da aka ɗauki hoton. Ya girmi ambaliyar da ta sa gulbi ya bar tsohuwar hanyarsa ya dawo ta gefena. Wurin da ya yi shuɗi ya daɗe da zama tudun yashi.

Na faɗa musu haka, da ƙarfi. Malamin ya ce shi abin da aka ba shi ke nan. Ban riƙe shi sosai ba, baƙo ne. Waɗanda na riƙe su ne mazan da ke zaune. Babu wanda bai ga juyawar gulbin da idonsa ba, wasunsu da su aka tsamo awaki. Amma shuɗin kan filayensu ya faɗa, kuma inji ko ba ruwa yana da kasuwa.

Mai unguwa ya ce, "Baiwar Allah, karatun naki na jiya-jiya ne. Ki bar wa masu shi."

Ina tsaye aka ja layi kan sunana.

Washegari, bayan sallar asuba, na sauka garka da fartanya. Na tona, na cika ɗan buhu da ƙasa tana ɗigar ruwa, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma kada rana ta shanye mini shaida. Na ɗauka a ka har tasha, na shiga motar Ƙaura, na tambayi direba inda ofishin shugaban malaman gona yake.