Injiniyan da ya auna idon Yaya

A asibitin idon kowa Injiniya yake ce masa, shi kuwa bai taɓa gyara ko fitila ba. Aikinsa auna tsawon ido kafin a cire wa mutum yanar ido. Majinyaci ya ɗora haɓa a kan na'ura, ya kalli ɗan jan haske, hasken ya shiga har ƙarshen idon ya dawo, lamba ta fito. Da wannan lambar ce likita ke zaɓen gilashin da zai dasa a idon. Maɓalli ɗaya yake dannawa, amma in ka ga yadda yake hura hanci sai ka rantse shi ya ƙera hasken.

Shekara tara yana haka, yana daka wa tsofaffi tsawa, “Baba, kar ka ƙifta mana!”

Sai ga yanar ido ta rufe wa yayarsa idon dama. Tela ce, da keken ɗinkinta ta biya masa makaranta. Na hagun ya yi rauni, zare ya daina shiga allura. Buri ɗaya gare ta, ta koma kan kekenta.

Yanar ta yi kauri, hasken ya kasa ratsawa. Sau huɗu na'urar tana ƙin ba da lamba. Tsohuwar nas ɗin ɗakin ta ce, “Ɗauko tsohon ma'aunin mana, wanda ake taɓa ido da shi.”

Ya taɓe baki. “Wannan tarkacen? A idon Yaya?”

Gaskiyar magana, ya manta yadda ake riƙe shi, kuma da ya tambayi nas gara masa mutuwa. Sai ya auna na hagu, ya kwafe lambar a gurbin na dama. Ido biyu a kai ɗaya, a ganinsa ai ɗaya ne. Nata kuwa ba ɗaya ba ne, na daman ya fi tsawo.

Aka yi aiki lafiya, aka cire bandeji. Haske tar, amma komai dishi-dishi, ko fuskarsa ba ta rarrabe ba.

Bayan wata biyu ta ba maƙwabciyarta keken. Ranar da aka zo ɗauka yana zaune a tsakar gida, tana gaya wa matan da suka zo, “Kuskuren daga hannun likitan ne. Awo dai ƙanena ne ya yi da kansa.”

Ya gyara zama, ya ce, “Haka ne, Yaya.”