Kabarin Mahaifinsa Yana Cikin Otal

Gari bai waye ba muka yi sallar asuba a masaukinmu na Liuhua Lu, muka nufi filin jirgin Guangzhou mu uku: ni, da abokin cinikina ɗan Maraɗi, da wanda ya ja mu tafiyar, wani ɗan ƙasar Maldives da muka saba da shi a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu. Silifa yake saye yana aikawa gida. Tun bara yake roƙonmu idan an tashi baje kolin Pazhou mu raka shi ziyarar kabarin mahaifinsa, don rabonsa da wurin tun da aka kwashe mutanen tsibirinsu aka mayar da su wani mafi girma. Mutum ya ce ka raka shi kabarin ubansa, da wane baki za ka ce ciniki ya riƙe ka?

Da muka kusa sauka na leƙa ta taga na ce, to ina ƙasar take? Ruwa ne iya ganinka, sai ɗigo-ɗigon yashi da bishiyoyin kwakwa. Babu dutse, babu tudu. Wallahi jujin unguwarmu ya fi wasu tsibiran tsawo. Babban birninsu, Male, kana iya zagaye shi da ƙafa tsakanin la'asar da magariba, amma fadar shugaban ƙasa da majalisa da kasuwar kifi duk suna ciki a matse, ga babura kamar Kano kafin a hana acaɓa.

Musulmi ne kaf, ranar Juma'a ba a buɗe ofis. Da safe kifi, da rana kifi, da dare ma kifin ne. Karin kumallonsu dagargajen kifi ne da kwakwa da albasa da barkono, a haɗa da wata 'yar siririyar gurasa, kuma ba laifi, da daɗi. Da ƙugiya suke kamun manyan kifayen, ɗaya bayan ɗaya, ba da raga ba. Ban da kifi da kwakwa kusan komai jirgin ruwa ke kawowa. Ɗan Maraɗi ya ji kuɗin albasa ya dafe ƙirji ya ce shi sana'a zai sake. Sai kuma baƙi 'yan shaƙatawa, waɗanda ake ba masu otal hayar tsibiri sukutum dominsu. Tsibirin su abokinmu ɗan Maldives yana cikin waɗanda aka bayar.

Ya faɗa mana haka tun a China, mu ne muka ce ya kwantar da hankalinsa. A wajenmu ko gonar wa ta cinye maƙabarta, ka je da dattawa biyu, a yi sallama, a gaisa, a ba ka hanya. Don haka muka caɓa ado, babbar riga da hula, muka shiga kwalekwale mai inji kamar masu zuwa neman aure. Kafin mu isa, ɗan Maraɗi ya amayar wa teku da kifin da ya ci gaba ɗaya, yana ta salati.

A bakin gadar katako mai gadi ya tare mu. Muka yi sallama ya amsa da kyau, amma ya ce ko igiya kada mu ɗaura. Na ce da Turanci a kira mana babban wurin mu gaisa. Manaja ya zo da gajeren wando, yana murmushi. Ya ce sai baƙon da ya kama ɗaki ke taka tsibirin, ziyara kuma sai an nemi izini daga hedikwatarsu a wata ƙasa, kuma ba yanzu ba, don baƙi sun cika, ganin mutane a maƙabarta zai dame su.

Dame su! Jama'a ku ji min. Ga mutane can kwance tsirara-tsirara suna shan giyar da aka hana ɗan ƙasa sha a garinsu, su ba su dami mamata ba, sai ɗan mamacin ne zai dame su da addu'a. Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya, na ce ko minti kaɗan ne a bar shi shi kaɗai mu mu tsaya a ruwa. Manaja ya ce yana ba mu haƙuri ƙwarai, ya juya.

Mai gadin ya jira ya yi nisa, sannan ya yi wa abokinmu magana da yarensu. Ashe shi ma ɗan tsibirin ne, kakarsa tana kwance a wurin. Ya ce kaburburan suna nan bayan ɗakin janareta, an kewaye su da kara. Ya nuna mana saitin da haɓa, don kada a ga hannunsa.

Muka zagaya ta baya da kwalekwale. Ba a ganin komai sai rufin kwano da hayaƙi. Abokinmu ya miƙe tsaye, igiyar ruwa tana jijjiga shi, na riƙe masa ƙafa don kada ya faɗa. Ya yi wa mahaifinsa sallama da ƙarfi saboda ƙarar injin, ya yi addu'a, muka shafa. Da ya zauna sai ya ce, "Alhaji, kana ganin daga nan ta isa?" Na ce ta isa, in sha Allahu. 

Mun koma Guangzhou kowa ya kama harkarsa, amma har yau abin yana ci mini rai. Na koyi cewa ƙasa tana iya zama da tuta da majalisa da shugaba, ɗanta kuma ya rasa inda zai sa ƙafa a gaban kabarin ubansa. Ina ajiye jaka na kira ƙanena a Kano, na ce ya je maƙabarta ya yi wa Baba addu'a. Ya ce to, ranar Juma'a zai je. Na ce a'a, yau za ka je, tunda kai babu mai tare ka a ƙofa.