Aron Kwana Uku na Injiniya

Ranar da Injiniya ya kai sabuwar dikoda shagon mai aski, ranar ya gane idonsa ya daɗe da yin ritaya bai sanar da shi ba.

Injiniya dai mai gyaran talabijin ne a layinmu. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, 'yan layi ne suka laƙaba masa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Shekara talatin yana cikin shago mai faɗin tabarma biyu, talabijin masu doro jere har rufi, wasu masu su sun manta da su, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya. Da kunne yake gyara. Ya kara kunnensa, ya ɗan mari akwatin a gefe, ya ce, "Na ji ciwonta." Kuma sau da yawa ya ji ɗin.

To, kiɗa ya canza. Kowa ya koma talabijin ta bango, siririya kamar faifai, babu doron da za a mara. Injiniya ya koma kora ƙuda, har wata wakiliyar kamfani ta zo ta kafa masa allo a ƙofar shago, ta sauke masa kwalayen dikoda mai fito da hoto garau, wai ita HD. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: ya sayar wa gida goma cikin wata guda. In bai cika ba, a cire allon a kai wa mai shagon waya na tsallaken titi, shi kuma ya koma wa ƙudajensa.

Ranar Asabar da yamma ana ƙwallo, shagon aski ya cika har bakin ƙofa. Injiniya ya hau benci ya haɗa dikodar da tsohuwar wayarsa mai kai uku, ja da fari da rawaya, don a wurinsa waya ai waya ce. Ya sauko yana karkaɗe hannu.

"Jama'a, ku kalli ciyawar filin nan. Ɗaya bayan ɗaya za ku ƙirga ta!"

Kowa ya zuba wa talabijin ido. Hoto yana nan yadda aka saba, dishi-dishi, 'yan wasa kamar an jiƙa su a ruwa.

"Baba Injiniya," in ji mai aski, almakashi a hannu, "ciyawar a ina take? Ko sai an sa mata taki?"

Wani direba da aka aske wa rabin kai ya leƙa kwalin, ya zaro wata baƙar waya mai faffaɗan kai guda, ko ledarta ba a farke ba. Mai aski ya soka ta a bayan talabijin, ya danna rimot. Shago ya kaure da ihu, har gumin goshin mai tsaron gida ana gani. Da Injiniya ya yi shiru da ya tsira. Ina! Ya matsa kusa, ya ƙanƙance ido, ya ce:

"To, ai duk ɗaya ne."

Direban nan sai da aka riƙe shi, don dariya ta kusa kayar da shi daga kujera.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Uwargida tana tankaɗe a tsakar gida, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sannu da zuwa, mai ƙirga ciyawa. Shekara nawa ina ce maka ka je a duba idon nan? Ran nan fa ka gaida randa, ka ce mata ina gajiya."

"Randar ta fi ki amsa gaisuwa."

"Sai ta raka ka asibiti gobe."

Ya je, ba don randa ba. Ya dawo da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ya tsaya a ƙofar shagonsa ya daɗe. Ashe akwai yanar gizo-gizo a kowane lungu. Ashe allon kamfani a karkace yake. Ya kunna dikodar da wayar da ta dace, ya zauna har labarai suka ƙare bai motsa ba. Kwana uku yana yawo da tabarau, a rana ta huɗu ya manta shi a banɗaki ya fito titi. Ko taku ashirin bai yi ba ya juyo da sauri. Idon da ya yi shekaru yana lallaɓawa da shi, yanzu ya ƙi yarda da dishi-dishi ko na minti ɗaya.

A nan dabara ta faɗo masa. Sati guda ya riga ya wuce, gida ko ɗaya bai samu ba. Duk wanda ya tara sai ya ce, "Me zan gani? Labarai dai labarai ne." Sai ya daina wa'azi. Ya ɗora kwalaye a baro, ya bi gida-gida masu talabijin ta bango yana sallama.

"Ba sayarwa na zo ba, aro na kawo. Kwana uku, ku kalla, in zo in cire kayana."

Wa ke ƙin aro? Ya haɗa, ya tafi. Rana ta huɗu sai ga shi da sukundireba, ba ya ko zama shan ruwa. Ya cire, ya mayar musu da tsohuwar wayarsu mai kai uku, ya yi sallama. Ba ya yin nisa. Zai tsaya a gindin turken lantarki yana gyara igiyar baro da babu abin da ya same ta.

A gidan malamin makaranta, 'yarsa ce ta biyo shi da gudu: "Baba ya ce wai ka lalata mana talabijin!"

"Ki ce masa yadda na same ta na bar ta, 'yata. Idonku ne ya ga daɗi."

Ba ko'ina ya ci nasara ba. Mai kanti ya ce ya kwashe tarkacensa, shi rediyo ta ishe shi. Wani gidan kuma suka ɓoye dikodar suka ce maigida ya yi tafiya da makullin falo, sai da ya yi sawu huɗu. Ƙafa ta kumbura, uwargida tana gasa masa da ruwan zafi tana mita, gari na wayewa ya sake tura baro. Mai shagon waya har ya auna bangonsa inda zai rataya allo. Injiniya ya gani sarai, tunda yanzu yana gani, ya ƙara sauri.

Ranar ƙarshen wata gida tara ke hannunsa. Saura gidan wata tela, dattijuwa mai baki kamar reza, wadda kowa ke kira Yaya. Kwananta uku sun cika. Ya same ta a kan keken ɗinki, ana wasan kwaikwayon da ba ta yarda ya wuce ta.

"Yawwa, gara da ka zo," in ji ta, tana nuna jarumin wasan a talabijin. "Cire abinka. Shekara ashirin ina kallon bawan Allahn nan sumul, ka zo ka tsufar min da shi a kwana uku. Ji wuyansa! Ashe gashin ma rini ne."

"Yaya, ni waya kawai na sa. Shekarun nasa ne ya zo da su."

"Na ce ka cire."

Bai roƙa ba. Ya zaga bayan talabijin, ya zare baƙar wayar, ya mayar da tsohuwar. Mutumin ya koma sumul, fuskarsa kamar an shafa da tsumma. Yaya ta ci gaba da taka keke. Ta ɗaga kai, ta sunkuyar. Ta sake ɗagawa. A cikin wasan wata mata ta shigo da doguwar riga.

"Tsaya. Aikin wuyan rigar nan fa? Jiya na fara kwaikwayonsa, zare biyu ne ko uku?"

"Wane aiki? Ni tabo nake gani."

Ta tsayar da keken, ta harare shi sama da ƙasa.

"Mayar, mugu. Kawo takardar sayen in sa hannu. Amma wallahi kai ma da za a nuna ka a cikin abin nan, yaran layin nan ba za su ƙara yin barci ba."

Injiniya ya miƙa mata biro yana gyara zaman tabarau.

"Shi ya sa shekara talatin a bayan talabijin nake aikina, Yaya. Ke da kike zama a gabanta, ki gode wa Allah ita ba ta ganinki."